Kuben da na sa aka ɗinka wa addata, bayan damina ɗaya

Shekara 3 na yi ina ɗaukar addata tsirara. In zan tafi gona sai in naɗe ta a tsohon buhun taki, in ɗaure da roba a bayan mashin, shi ke nan. Ran da na gane wauta nake yi ita ce ran da na faɗa wani rami da gudu, na goyo ɗana a baya. Addar ta huda buhun, ta tsarge ledar kujera, ta tsaya dab da cinyar yaron. Ban gaya wa uwarsa ba har yau.

Addar tawa irin mai tambarin kada ce, ta kamfanin Martindale na Ingila, tsawon ƙarfenta inci 18, kuma ta fi faɗi wajen kai fiye da wajen mariƙi. Wannan faɗin kan shi ne tushen duk wahalar da na sha daga baya.

Da farko na bi ta hanyar sauƙi. Na sayi kube ɗinkakke a hannun wani mai talla a tasha, ja wur, da zanen baƙi da geza tana lilo. Kai ka ce na ɗan sarki ne. Kwana 12 ya yi. Raɓar safiya ta jiƙa shi sau biyu, sai na ga ya fara lanƙwasa kamar danƙo, ran nan kuma tsinin adda ya leƙo ta ƙasa. Da na farke shi, kwali ne a ciki, an lulluɓe da fatar tunkiya mai kaurin takarda, an manne da gam. Ɗinkin da nake gani a waje duk ado ne. Ban ga laifin mai tallar sosai ba, domin irin wannan don ratayewa a bango aka yi shi, ni ne na kai shi inda bai dace ba.

Daga nan na nufi Kasuwar Kurmi. Duk wanda ya tashi a Kano ya san in ana zancen fata can ake fara dosa. Kasuwar tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma jar fatar akuyar ƙasar Hausa da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can take isa hannunsu. Amma tarihi daban, abin da ke kan rumfa yau daban. Tumtum, jakunkuna, takalma, kayan doki, kuben takobi na hawan Sallah, duk ga su nan birjik. Kuben adda na aiki kuwa, rumfa uku na tambaya, kowa sai ya miƙo mini ɗan'uwan wanda na yar. Wani dattijo ne ya ce in daina ɓata ƙafata, abin da nake nema sai an auna an ɗinka, ya kwatanta mini wani tsohon baduku da ke aiki a zauren gidansa a wani lungu cikin gari.

Na same shi zaune a kan buzu, tabarau ɗaure da zare, gabansa allon katako da ya sha yanka har ya yi kwarmi. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ina addar?" in ji shi.

"Tana gida, Baba, amma na auno tsawonta."

"Ɗana, wanzami yana yi wa mutum aski ba ya nan? Je ka ɗauko ta."

Raina ya ɗan ɓaci, domin hanya ce mai nisa, amma washegari na gane gaskiyarsa. Ya shimfiɗa takardar buhun siminti, ya kwantar da addar, ya zagaye ta da biro, sannan ya ƙara kamar faɗin yatsa ta gefen kaifi. Ya nuna mini cewa tunda kan addar ya fi gindinta faɗi, in aka ɗinke kuben daidai jikinta ba za ta shiga ba, in kuma aka buɗa bakin sosai za ta riƙa rawa a ciki har ta zame. Maganinsa shi ne ya bar tsaga ta gefen bayan adda, inda babu kaifi, daga baki zuwa kusan rabi, sannan ya sa ɗan madauri da ke zagaye mariƙin ya kulle. Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a duk aikin.

Sai zancen fata, inda muka fi daɗewa. Ya ce jikin kuben sai kirgi, wato fatar saniya da aka jeme, a sama kuma ya lulluɓa jar fatar akuya don kyau. Ya ɗauko guntaye biyu ya yanka a gabana. Ɗaya cikinta toka-toka mai shuɗi-shuɗi, laushi kamar tsumma: ta masana'anta ce, irin wadda ake jemewa da sinadari a Challawa da Sharaɗa, ta yi kyau ga takalmi da jaka. Ɗayar launin ƙasa har ciki, da tauri, da wannan warin da duk wanda ya taɓa ratsa majema ya sani: jimar bagaruwa. Ita wannan in aka jiƙa ta aka matse ta a jikin abu, ta bushe, tana riƙe siffar abin. Shi ya sa ta dace da kube. Ya kuma yi mini ƙorafin da na sha ji a bakin masu sana'ar, cewa kirgi mai kauri ya yi wuya domin fatar saniya yanzu tukunya take tafiya, ana cinye ta ganda kafin ta ga majemi. Na yi shiru, don ni ma ba na wuce ganda a miya.

Abin da ya raba wannan kube da na tasha ba a ganinsa daga waje. Ta gefen kaifi, tsakanin fallen sama da na ƙasa, ya cusa wata siririyar fata mai kauri, sannan ya huda duka ukun da tsiko ya ɗinke. Ke nan kullum in adda ta shiga, kaifinta a kan wannan fatar yake sauka, ba ya taɓa zare. Zaren ma na roba ne irin na masu gyaran takalmi, ya goge shi da kakin zuma. Na so a ce da tsagin fata ya ɗinka kamar na da, don a ce na gargajiya ne tsantsa, ya ce in ina son ado zai yi, in ina son ƙarko in bar shi da zarensa. Na bar shi. A can ƙasa wajen tsini ya bar ɗan rami don ruwa ya riƙa fita.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Ya ce mako 1, sai da aka yi mako 3. Na faɗo daidai lokacin da masu dawaki ke kawo gyaran kayan hawa, aikina ya koma ƙarƙashin tari. Zuwa na uku na je da niyyar karɓe addata da kuɗina, sai na tarar yana goge kuben da man kaɗe, yana sheƙi, dole na mayar da wuƙata kube. Kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, ya ɗara abin da na sayi addar kanta. Na yi ciniki, ya rage abin da bai taka kara ya karya ba.

Makon farko kuben ya matse ƙwarai, sai na sa hannu biyu nake zaro addar. Ya ce in yi haƙuri zai saki, kuma ya saki. Jan launin, wanda da karan dafi ake rina shi, ya zuba a ruwan farko da ya dake ni, ya ɓata mini farar riga ta gefen haƙarƙari, har yau da sauran alama. Da ya gaya mini tun farko da na sa tsohuwar riga. Hamilar da ya sa ta ratayawa ta yi siriri, tana cin kafaɗa in tafiya ta yi nisa, sai da na mayar ya sauya mai faɗi, bai karɓi ko kwabo ba.

Akwai kuma kuskuren da ni na yi. Wata rana na gama saran ciyawa, na tura addar a jiƙe, na manta da ita kwana 4. Da na zaro, ƙarfen ya yi tsatsa da baƙin tabo, cikin kuben ma ya yi baƙi. Haka ruwan bagaruwa yake yi in ya haɗu da ƙarfe da danshi, kuma ta wannan hanyar ce ma dukawa ke samun baƙin da suke zane da shi. Tun daga nan sai na share addar, na shafa mata ɗan mai kafin ta shiga, in kuma za ta daɗe ba aiki sai in ajiye su daban-daban.

Wani abin lura: kada ganin tana cikin kube ya sa mutum ya rataya ta ya ratsa gari. A wannan zamani na faɗan daba da ƙwacen waya, mai adda a kafaɗa kallon tuhuma ake yi masa, kuma ban ga laifin masu kallon ba. Ni a bayan mashin nake ɗaure ta tare da fartanya, sai na bar kwalta nake ratayawa.

Wanda addarsa ba ta wuce sharar bayan gida sau biyu a shekara, bai kamata ya kashe wannan kuɗi ba, ƙusa a bango inda yara ba sa kaiwa ta ishe shi. Amma manomi, makiyayi, mai lambu, duk wanda ke hawa mashin ko keke da adda, ina ganin kuɗinsa bai tafi a banza ba, muddin ya kai addar da kansa, ya ce a nuna masa fatar kafin a yanka, ya kuma leƙa ya tabbatar an sa wannan fatar ta tsakiya.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, jan ya dushe ya koma kamar goro, gefen da ke gogar mashin ya ɗan kwaile. Ɗinki ko ɗaya bai saki ba. Makon jiya na kai wa Baba laujena, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce wannan lanƙwasar sai ya kwana yana tunani. Ya ce in dawo bayan mako 1, na sa a raina mako 3.