Kafin ka sayi rauta ta gida a Katsina: MiFi, mai layi ko Starlink?

Duk mai son jawo intanet gida yanzu abu ukku ne a gabanshi, ƙaramar MiFi ta aljihu, babbar rauta mai ɗaukar layi, sai Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, da ya shigo Najeriya a farkon 2023. Ni dai shawarata ka fara duba wane layi ke kamawa a ɗakin da za ka aje abin, don netwok ɗin da ke gudu a GRA ba lallai ya yi maka komi a Sabuwar Unguwa ko bayan Ƙofar Ƙaura ba, wani lokacin ma gida guda falo na da sabis uwar ɗaka babu. Ka ari layukan MTN, Airtel da Glo ka gwada a wayarka wajen ƙarfe tara na dare lokacin da kowa ya hau, sannan ka shiga kasuwa.

MiFi ta fi araha kuma tana da batir, ko an ɗauke wuta tana aiki. Ga ɗalibi ko gwauro ta wadatar. Amma galibi waya goma take ɗauka, kuma in aka bar ta a caji dare da rana cikin zafin bazara batirin kumbura yake har murfin ya ɗage.

Gidan iyali kam rauta mai layi na fi so. Ka tambayi mai shago a kulle take ko buɗaɗɗiya ce, don wadda kamfanin layi ke saidawa ta fi sauƙin kuɗi amma yawanci layinsu kaɗai take ci, ranar da sabis ɗinsu ya yi rauni a unguwarku shikenan. Maganar 5G kuma, MTN sun fara a 2022, Airtel a 2023, amma ba ko'ina ya kai ba, kar ka biya kuɗinshi sai ka ga ya kama a gidanka. Kuma 5GHz da ake rubutawa a kwali wani abu ne daban, na waifai ne, ya fi gudu in kana kusa amma 2.4GHz ya fi ratsa bango. Ka haɗa da ƙaramin UPS mai bolt 12, wato batirin da ke riƙe rautar in an ɗauke wuta, in ba ta da nata.

Starlink na wanda layi ya gaza ma ne, ko mai kafe da ofis. Akwai gudu, amma akwai kuɗin wata mai nauyi, yana son buɗaɗɗen sama ba bishiya, kuma babban farantinshi yana cin wuta kamar wat 75 zuwa 100, in babu sola ka sake tunani.

To abin da mutane ba su dubawa wanda kuma shi ya fi damuna shi ne saitin. Kafin ka ba da kuɗi ka ce ma mai shago, malam buɗe mani shafin saitin in gani. Adireshin na jikin sitika a ƙarƙashin rautar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Ka duba ana iya canza faswod ɗin admin na shiga shafin saitin, akwai WPA2 ko WPA3 masu kulle waifai, ana iya kashe WPS mai barin waya ta hau ba tare da faswod ba, akwai MAC filter na toshe wayar da ba ka sani ba. Gida nawa ne datarsu ke ƙarewa a sati guda alhali yaran maƙwabta ne ke zaune a dakali suna kallon TikTok da ita.

Fayawol ɗin rauta kamar maigadin zaure ne, abin da ka aika a kawo maka yana barinshi ya shigo, wanda ba a kira ba ya tare shi. Don Allah in intanet ya tsaya kar ka bari wani ya ce a kashe fayawol ɗin, da wuya ita ce. In fitilar rautar ta koma ja ka duba data, ka duba ko an rufe layin saboda NIN, ka duba APN, wato saitin da ke haɗa layin da intanet, ka cire rautar daga wuta na rabin minti ka maida, ka matsar da ita kusa da taga. In waya ɗaya ce kawai ta ƙi hawa to ka leƙa MAC filter, sabbin wayoyi na canza adireshinsu sai rautar ta ɗauke su baƙi.

Masu kyamarar CCTV ku ma ku ji, in kun yi port forwarding, wato buɗe ma kyamarar ƙofa a rauta don a kalle ta daga waje, ya ƙi, galibi ba fayawol ba ce, kamfanonin layi na haɗa mutane da yawa kan adireshi guda, shi ake kira CGNAT, Starlink na gida ma haka yake. Kunna DMZ, saitin da ke buɗe ma na'ura ɗaya duk ƙofofi, ba zai gyara ba, sai dai ku sayi kyamara mai manhajar kanta ta P2P, wadda ke haɗa waya da kyamara ba sai an buɗe ƙofa ba. Ɗan ramin reset na baya kuwa ka bar shi sai an rasa yadda za a yi, in ka danna shi na daƙiƙa goma sunan waifai da faswod duk sun koma na sitika, sai ka sake saiti daga farko.