Hattara da masu sayar da yashin gini da sunan "yashin teku mai rai"

Jama'a masu kiwon kifin ado na ruwan gishiri, a buɗe ido. Wasu sun ɓullo a WhatsApp da Facebook suna tallan yashi wai daga Amurka ya zo, mai rai (wato mai ɗauke da bakteriya masu amfani da ke tsabtace ruwan tankin kifi), kuɗinsa kuma ƙasa da na shago sosai. Hoton jakar CaribSea, wani kamfanin Amurka mai yin yashin tankin kifi, suke turowa, alhali kamfanin bai san da zamansu ba. Sai ka tura kuɗi, kaya ya iso tasha, ka tarar da farin buhu ba tambari ba kwanan wata. Ka yi magana, su toshe lambarka.

Yashin da tankin ruwan gishiri ke so aragonite ne, wanda asalinsa murjani ne da ɓawon halittun teku, yana kuma taimakawa pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya zauna wajen 8.1 zuwa 8.4. Abin da mutanen nan ke ɗurawa yashin gini ne da aka wanke aka tankaɗe, ko na bakin teku da aka kwasa da dattinsa. Na biyun ya fi muni. Matattun ƙwari da tsutsotsin cikinsa suna ruɓewa, amoniya, sinadarin da ke zama guba ga kifi, ta tashi, kifin da ka kashe kuɗi a kansa ya yi ta haki a saman ruwa.

Gwajin ba shi da wuya. Ɗebi cokali ɗaya a kofi, ka zuba ruwan khal. Aragonite zai yi ta kumfa yana tsiii, yashin gini kuwa ko gezau. Sai dai kumfa kaɗai ba hujja ba ce, don garin farar ƙasa ma yana yi, saboda haka duba cewa kowace ƙwaya tana tafasa, ba ƙurar saman ba. In baƙin yashi ne, goga masa maganaɗisu. In ya manne, akwai ƙarfe, kuma zai shiga ƙarƙashin magogin gilashi mai maganaɗisu ya karce maka tanki.

Yashi mai rai na gaskiya a jiƙe yake zuwa, cikin leda a liƙe, da ranar ƙarewar aiki a jiki. Wanda ya bushe ƙayau babu sauran rai a cikinsa, komai rantsuwar mai shi. Wanda kuma aka buɗe yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada ya taɓa ruwanka.

Ka ce a yi maka bidiyon jakar a hannu, a juya bayanta ka ga kwanan wata, ko a amince ka biya bayan kaya ya iso. Yawancinsu a nan suke daina amsa saƙo.