Gargaɗi game da mai tallan maganin kumburin ƙafa a Facebook

Naira 75,000 wani mutum ya karɓe mini da sunan zai warkar mini da ciwon jijiyoyin ƙafa cikin kwana 21, kuma har yanzu idan na tuna yadda na tura kuɗin da hannuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ni malamin makaranta ne, ba yaro ba ne, kuma ban taɓa faɗawa hannun 'yan damfara ba sai wannan karon.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne, tun kafin in gama bayani ya karɓe maganar daga bakina. Ya ce, "Malam, ai da safe ƙafar tana saɓewa, da yamma kuma ta yi nauyi kamar an ɗaura maka dutse, ga ƙaiƙayi, ga fatar idon sawu ta yi baƙi." Wallahi haka nake ji. Wannan maganar ita nake ta juyawa a raina, domin daga baya na gane cewa kusan duk mai wannan ciwo haka yake ji, haddacewa kawai ya yi. Amma wa zai ji an siffanta masa ciwonsa haka bai saki jiki ba?

Na fara tura 45,000, sannan 30,000 na wani ruwa da ya kira mai wanke daskararren jini. A'a, kwalbar man shafawar da ya aiko mini ce ta fara isowa tasha kafin in tura na biyun, domin na tuna direban ne ya miƙo mini ita a baƙar leda, babu ko lambar NAFDAC a jikinta. Na gani, na kau da kai.

Abin takaicin shi ne tun kafin wannan lokaci likita ya riga ya yi mini hoton jijiyoyi, ya bayyana mini cewa akwai wasu ƙananan ƙofofi a cikin jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, kuma nawa sun saki saboda daɗewa a tsaye gaban allo, shi ya sa jinin yake komowa ya taru a ƙasa. Ya faɗa mini cewa babu man da zai gyara ƙofar da ta lalace, sai dai in riƙa saka safa mai matse ƙafa tun da safe, in riƙa tattaki, in ɗora ƙafafuna kan matashi su fi ƙirjina tudu idan na kwanta, in abin ya ƙi a yi aiki a kan jijiyar. Zafin safar a lokacin bazara ne ya gundure ni, shi kuwa mutumin ya ce in cire ta domin wai ita ce take tare jini.

Na cire, na shafa mansa mako biyu, fatar ta saluɓe, yau ga ni da gyambo a saman idon sawu ana wanke mini duk bayan kwana biyu. Da na tura masa hoton sai ya ce dafi ne yake fita, washegari ya toshe lambata a WhatsApp.

Zan ɗora hotunan hirarmu da rasit ɗin banki duka biyun da zarar ɗana ya rufe mini lambar asusuna. Kada ku tura wa kowa kuɗi, kada ku cire safarku, ku koma asibiti. Naira 75,000, kuma 30,000 daga ciki rance na ci a wurin abokin aikina, har yau ban iya gaya masa abin da na yi da su ba.