Dirayar hannu mai wat 2200: iskarta ta burge ni, matajinta ya ɓata min rai

Wannan dirayar irin wadda ta cika shagunan kayan salun ce yanzu, baƙa, mai ɗan nauyi, an rubuta wat 2200 a kwalinta. Tana zuwa da baki biyu masu faɗi na tattara iska, da mataji guda da ake cusawa a gabanta. Kuɗinta ba sai na faɗa ba, duk mai shiga layin masu kayan gyaran gashi ta san shi. Saboda matajin nan na saye ta, domin gashi mai cika da murɗewa irin namu, wanda ake kira 4C, iska kaɗai ba ta miƙar da shi. Sai ana ja ana busarwa, in ba haka ba ya bushe a dunƙule, mai kitso ta sha wahala, mai kan ma ta sha.

Gaskiya iskar ba ta da makusa. Zafi hawa uku ne, gudun iska hawa biyu, ga maɓallin iska mai sanyi daban. Mutane suna ɗauka zafi ne ke busar da gashi, shi ya sa suke neman wadda ta fi ƙuna, alhali ƙarfin iska ne ke kwashe ruwan, zafin taimako kawai yake yi. A wannan fannin ta cika alƙawari. Idan aka tsane gashi da tawul ko tsohuwar rigar auduga har ya daina ɗiga, aka raba shi gida shida zuwa takwas aka ɗaure kowane gida, a matsakaicin zafi ma iskar tana ratsawa har gindin gashi. Ƙananan dirayoyin nan masu wat 1000 zuwa 1200 saman kawai suke busarwa, su bar ƙasan da laima, bayan kwana biyu kai ya fara wari a ƙarƙashin ɗankwali.

To amma matajin. Wallahi wanda ya ƙera shi bai taɓa sa shi a cikin gashi mai cika ba. Ba shi da makulli, ba shi da zare da ake murɗawa, turawa kawai ake yi ya zauna a bakin dirayar. Yana sanyi yana zama daram. Da an kunna zafi na uku, kafin a gama gida biyu robar ta ɗumama ta saki, sai ya fara rawa. Aka zo ƙeya, inda gashi ya fi cunkushewa, ja ɗaya sai dirayar ta taho a hannu, mataji ya maƙale a cikin gashi, bakin dirayar kuma tsirara ya nufi fatar wuya. Da aka ciro shi, haƙora uku na tsakiya sun lanƙwashe gefe guda, ga ƙaurin roba, ga guntayen gashi cike da gindin haƙoran. Ba gashin da ya zube da kansa ba ne, wanda ake ganewa da ɗan farin kai a gindinsa. Gajeru ne, tsinkakku, abin da matajin ya yanke.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya duba shi da kyau. Haƙoran sun yi kusa da juna ƙwarai, kuma babu ƙofofin shan iska a gefensa. Da gashi ya cika tsakanin haƙoran, iska ta rasa mafita, sai zafi ya taru a bakin. Wayar da ke ba da zafi a ciki iskar fanka ce ke sanyaya ta, in iskar ta toshe sai ta ƙara ja. Shi ya sa a tsakiyar aiki dirayar kan yi ƙas ta mutu, sai ta huce na wasu mintuna ta dawo. Wannan ba lalacewa ba ce, wani ɗan ƙarfe ne a ciki da ke yanke wuta idan zafi ya wuce ƙima. Amma bayansa akwai fiyus na zafi wanda in ya ƙone ba ya dawowa, sai an kai wa mai gyara. Ga kuma kaifin da injin zuba roba ya bari a tsakanin haƙoran, ba a goge shi ba. Ki sa farce ki bi, za ki ji yana kartar ki. Abin da ya karci farce kuwa, gashin da ya jiƙe ya yi laushi ba zai tsira ba.

Wannan batun kusantar da diraya ba ƙaramin abu ba ne. A wani bincike da likitocin fata suka yi a Koriya ta Kudu, aka buga a 2011, sun auna zafin da ke isa gashi: daga nisan santimita 15 digiri 47 ne, daga santimita 10 digiri 61, daga santimita 5 kuwa digiri 95. Sun ga ɓawon gashi yana ƙara fashewa gwargwadon ƙaruwar zafin. Mataji kuwa tsawon haƙoransa ne kawai ke tsakanin gashi da bakin dirayar, saboda haka duk mai aiki da shi bai kamata ta wuce zafi na biyu ba, ko da mai kyau ne. A kwalin babu inda aka rubuta wannan. Hoton mace mai gashi har gadon baya kawai aka manna.

Na ajiye matajin, kuma daga nan sai dirayar ta dawo abin so. A sa bakin nan mai faɗi, a kama gida ɗaya da yatsu a ja shi ya miƙe, a bi da iska daga gindi zuwa tsini, hannu ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ya kusa bushewa sai a shiga da buroshi mai faɗi, a fara daga tsini ana hawa. A ƙare kowane gida da iska mai sanyi na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, shi ke sa miƙewar ta zauna. Kafin a fara, man kare gashi daga zafi kaɗai za a shafa, ɗan kaɗan. Man kaɗe da man shanu a bari sai an gama, don in aka lafta su tun farko gashi ba ya bushewa da wuri, hayaƙi yake yi, ya fito a danƙare.

Wadda ta sa rilaksa, ko mai gashi sirara mai santsi, ba ta buƙatar wannan ƙarfin ko kaɗan. Gashin da aka riga aka sassauta da magani zafi kaɗan ke karya shi, wat 1400 zuwa 1600 a zafi na ɗaya ya ishe ta. Kan yara ma haka. Mai son nannaɗewar gashinta ta fito yadda take kuwa, baki mai kama da ƙwarya take buƙata, wanda ke watsa iska a hankali, kuma wannan dirayar ba ta zuwa da shi. In kitso aka wanke, ko kalaba, dirayar zama mai hula ta fi, don sai an daɗe a zafi kaɗan kafin cikin kitson ya bushe. Maganar ayon, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da take fitarwa da iska, da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikinta, amfaninta rage tashin gashi ne, abin da masu gashi mai santsi suka fi gani a lokacin hunturu. A gashi mai tauri ban ga wani bambancin kirki ba.

Sai wuta. Wat 2200 a kan wutarmu ta bolt 230 yana jan kusan amfiya tara da rabi. Ƙaramin janareta mai wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauka ba, ko a gwada. Soket ɗin bango za a sa ta kai tsaye, ba doguwar waya mai arha da ake cajin waya da ita ba. Kuma a nan ma sun ƙara ɓata min rai, don filogi mai baki biyu suka sa mata, dole sai da adafta, adaftar kuma tana ɗaukar zafi har ba a iya riƙe ta. Gara a kai wa mai gyara ya yanke ya sa mai baki uku da fiyus na amfiya 13. Af, masu sayen na gwanjo, ku duba rubutun jikinta: wadda aka yi wa Amurka bolt 120 zuwa 125 ce, in aka sa ta a wutarmu nan take za ta ƙone.

Da niyyata in ce a saye ta a jefar da matajin kawai. Sai da aka zo share ragar baya, inda take shaƙar iska, na ga ashe a manne take, ba ta cirewa. Ƙurar hunturu da zaren tawul da guntun gashi duk can suke taruwa, kuma toshewar nan tana kashe dirayoyi tun ba su tsufa ba. Mai cirewa a murɗe ta a wanke. Wannan sai dai a bi ta da tsohon buroshin haƙori daga waje, abin da ya shige ciki kuwa ya shige ke nan. Diraya mai wannan kuɗin, an tsuke hannu a mataji, an tsuke a filogi, an tsuke a raga!

Ga mai salun da za ta kunna ta tun safe har dare, ba na ba da shawara. Ga mai amfani a gida sau ɗaya a mako ko biyu, wadda ta iya ja da buroshi, za ta yi. In kuwa don mataji kike nema, 'yar'uwa, sa mai shago ya buɗe kwali a gabanki. Ki tabbatar matajin yana murɗawa ya kulle, haƙoransa masu kauri ne da tazara, ragar baya tana fita. Sannan ya kunna ta a zafi na uku na minti biyar da matajin a jiki, ki ja shi da hannu ki gani ko zai fita.