Kwalejin da na yi digirin nas: tauraro uku cikin biyar, ga dalilina

Tun da na gama ake ta turo min saƙo wai in faɗi gaskiya kan kwalejin da na yi, ko ta isa mutum ya kai 'yarsa ko ƙanwarsa, to bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ba zan kama suna ba don ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma abin da zan faɗa akwai shi a kwalejoji da yawa.

Ni fa hoto ne ya ja ni wallahi. Gini mai ƙyalli, ɗalibai cikin fararen kaya sai murmushi suke, ga ɗakin gwaji da gadaje a jere. Sai da na shiga na tarar mutum-mutumin robar da ake koyon aiki a kansa guda biyu ne kacal, ɗayan ma hannunsa ya sha allura har ya koma kamar rariya, kafin layi ya zo kanki ki gwada sa kanula, wato siririn bututun da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani, an tashi daga ajin, sai kuma wani satin in da rabo.

Amma in na ce malamai ba su yi ƙoƙari ba na zalunce su. Shekarar farko anatomi da fiziyoloji, wato darussan sassan jiki da yadda suke aiki, sun kusa haukata mu, ƙasusuwa 206 kowanne da sunansa da inda yake manne, ga bayokemistiri a gefe yana jira. Wadda ba zan manta da ita ba malamar famakoloji ce, wato ilimin magunguna, matar nan ba ta da wasa a lissafin magani. Za ta ce likita ya rubuta 250 mg, kwalbar hannunki 500 mg ce a cikin 2 ml, nawa za ki zuƙa? In kika yi jim kafin ki ce 1 ml sai ta sa ki sake wasu goma. Lokacin haushinta muke ji, sai da na tsaya a wod ɗin yara da sirinji a hannu na gane cewa ɗigon da ake sawa a tsakanin lambobi in ya goce a lissafi magani ya ninka sau goma kenan a jikin jariri. Saboda ita kaɗai na ba da tauraro ɗaya.

Inda kwalejin ta gaza shi ne asibiti, kuma nan ne duk maganar take. Ba ta da asibitin koyarwa nata, yarjejeniya take yi da wasu asibitoci, to wani postin, wato turawa asibiti koyon aiki, ki dace da wuri mai marasa lafiya da sistocin da ke son koyarwa, wani kuma a jefa ku ku da yawa a ƙaramin wod ku wuni a tsaye kuna kallon juna, in an tashi a sa muku hannu a littafi kamar kun yi aiki. Alhali aikin nas a bakin gado ake koyonsa. Makarantar da Florence Nightingale, wadda ta kafa aikin nas na zamani, ta buɗe a Landan a 1860 ma a jikin asibitin St Thomas take, ba a wani waje can daban ba, kuma har yau a Ingila sai ɗalibi ya cika awa 4,600 kafin a yi masa rajista, rabi, wato awa 2,300, koyon aiki ne a aikace, mafi yawansa da marasa lafiya. Da na san wannan kafin in cika fom da tambayata ta farko ita ce wane asibiti, gado nawa, ɗalibai nawa ake haɗa wa sista ɗaya.

Abin da na iya da gaske a dutin dare na koye shi. Akwai wani dattijo da aka yi wa tiyata, na auna bugun zuciyarsa na samu ya haura 100 da nisa, awon jininsa kuma yana ta sauka, na rubuta a fayil tsaf na wuce gado na gaba abina. Sistar da ke duti ta leƙa fayil ɗin, ba ta yi min tsawa ba, hannuna kawai ta kama ta ɗora a goshinsa, sanyi ƙalau ga gumi, ta ce 'yata lamba ba don ado ake rubuta ta ba, ruga ki kira likita. Ashe jini ke zuba ta ciki. Ya rayu alhamdulillahi, ni kuwa ranar har asuba jikina rawa yake.

Kuma don Allah duk wadda ke sha'awar aikin nan saboda yunifom ta sake tunani. Za ki wanke wanda bai iya tashi, ki kwashe amai, ki juya mara lafiya duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito masa, ƙafarki ta kumbura, 'yan jinya su zage ki kan abin da ba laifinki ba. Maza ma haka, ajinmu akwai su kuma ba a ɗaga musu ƙafa ba.

Tauraro na biyu na amincewar hukuma ne. Digiri daban lasisi daban, in hukumar da ke yi wa nas rajista a ƙasarku ba ta san da kwalejin ba to takarda kawai kika saya. Tamu tana cikin jerin, amma wata ƙawata sai a shekara ta uku ta ji cewa tasu ba ta ciki, kar ki yarda da bakin ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai, shiga shafin hukumar ki duba da idonki. Na uku kuma na digirin ne shi kansa. Difloma yawanci shekara uku ce, digiri huɗu, wasu ƙasashen biyar, kuma a wod sau da yawa 'yan difloma sun fi mu saurin hannu, wannan ba zan ɓoye ba, sai dai digiri ne ke buɗe ƙofar mastas da koyarwa da shugabanci ba tare da kin koma baya ba.

Aiki dai akwai, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da giɓin nas kusan miliyan 5.9. Mai son Amurka ko Kanada jarabawar NCLEX ke gabanta, Ingila kuma CBT, jarabawar kwamfuta, da OSCE, jarabawar gwada aiki, ga gwajin Turanci na IELTS ko OET. Duk waɗannan hukumomin sai sun ga takardun karatunki daga kwaleji, a nan ne tamu ta ƙara zubar da tauraro, ofishin takardu kullum a dawo gobe, mai sa hannu ya yi tafiya, kwamfuta ta lalace. Nawa yau wata na huɗu kenan ina bi, jiya ma na kira wayar tana ta ringin ba a ɗaga ba.