Google Earth Engine, yadda na same shi wajen aikin ruwa da gobarar daji

'Yan uwa masu karatun kimiyyar muhalli a Jami'ar Danfodiyo ta Sakkwato da ke yawan tambaya wace manhaja za su koya in suna son haɗa karatunsu da aikin kwamfuta, ni dai Google Earth Engine nake nuna musu, wato dandalin Google na nazarin hotunan ƙasa da tauraron ɗan Adam ke ɗauka. Babban dalilina shi ne duk nauyin lissafin a kwamfutocin Google ake yinsa, kai dai ka buɗe burauza ka rubuta kod ɗinka da JavaScript ko Python, ko tsohuwar laftof gare ka wadda fankarta ke ƙugi cikin zafin Afrilu za ta ɗauka. Kuma kyauta ne ga ɗalibai da masu bincike in ba kasuwanci za ka yi da shi ba.

Inda ya fi burge ni wajen ruwa ne wallahi. Akwai hotunan taurarin ɗan Adam na Landsat na shekaru da dama a ciki, ga na taurarin Sentinel-2 da ke gani har mita 10 kuma kusan duk kwana 5 yana sake ɗaukar wuri ɗaya. Ka zana da'ira kan dam ɗin Goronyo ka ce ya ware maka ruwa da tudu, sai ka ga yadda tafkin ke cika bayan damina yana tsukewa kafin Mayu, bakin gaɓa na fitowa fari fat, ka ja baya zuwa 2010 lokacin ambaliyar kogin Rima ka ga inda ruwa ya kwanta a fadama. Dam ɗin nan da shi birnin Sakkwato ke sha, da shi masu noman rani ke ban ruwan albasa da shinkafa, to ai ya kamata a ce yaranmu ne ke bibiyarsa da kansu.

Wajen wuta kam sai a hankali. Bayanan FIRMS, tsarin NASA na gano wuta daga tauraron ɗan Adam, suna ciki, amma a cikin na'urorin da yake amfani da su, MODIS kilomita 1 take kallo a dunƙule, VIIRS kuma mita 375, don haka wutar da mafarauta ke cinnawa don korar gafiya ko ta mai sharar gona da ta ci ta mutu kafin tauraron ya gifta ba lallai ta fito ba. Babbar gobara da ta cinye makiyaya da hunturu ita za ka gani. Ga hadari da damina yana rufe hoto, ƙurar hunturu ma tana dusashe shi.

Sai ka tanadi data da intanet mai ƙarfi, in netwok na yankewa taswira ba ta buɗewa. Darussan kusan duk da Turanci ne, wanda bai taɓa rubuta kod ba zai sha wuya a farko, gara ya fara da QGIS, shirin kwamfuta na aikin taswira, ya saba da taswira tukuna, shi ma kyauta ne kuma yana aiki ko babu intanet.