Sabunta lasisin nas da ungozoma ta intanet: inda aikin ke tafiya da inda yake cijewa

Lasisin da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, ke bayarwa shekara uku yake yi ya mutu. Takardar rajista daban take: sau ɗaya ake bayar da ita bayan an ci jarrabawar hukumar, kuma ba ta da ranar ƙarewa. Sababbin ma'aikata da yawa suna haɗa biyun, sai ranar tantance ma'aikata ko intabiyun ƙarin girma a ce a kawo lasisi mai rai, a duba kati a ga ya mutu tun bara. Hukumar, wadda ma'aikata suka fi kira Kansul, ta samu siffarta ta yanzu ne da dokar soja mai lamba 89 ta 1979, wadda ta haɗe majalisar nas-nas da hukumar ungozomomi wuri guda, kuma ita kaɗai ke da ikon cewa wance nas ce ko ungozoma a ƙasar nan.

Maida sabuntawa kan intanet sauƙi ne na gaske, wannan ba a musu. A da sai mutum ya ɗauki fayil ya nufi ofishin shiyya a Kaduna, Bauchi ko Sakkwato, wani lokaci har Abuja, ya kashe kuɗin mota da na kwana kan takarda ɗaya. Yanzu wadda takardunta suka cika za ta iya gama cikewa da biya a zama guda, da wayar hannunta. Matsalar ita ce kaɗan ne ke zuwa da takardu cikakku, kuma galibin abin da ake ɗora wa shafin laifinsa tun kafin a buɗe shafin ya lalace.

Abu na farko shi ne makin ƙarin ilimi. Ana buƙatar maki 6 cikin shekaru ukun, kuma aƙalla 3 daga ciki su fito daga bitar dole ta Kansul, wato MCPDP. Bita ɗaya kwana biyar ce, Litinin zuwa Juma'a, tana ba da maki 3, kwamitin jiha ne ke shirya ta, yawanci a babban birnin jiha. Ragowar ukun ana iya cike su da bita ta biyu, ko taron ƙara wa juna sani da hukumar ta amince da shi, ko darussan manhajar WCEA da ake yi a waya. Ga wadda ke asibitin koyarwa, wannan ba komai ba ne. Amma ungozomar da ita kaɗai ce a ƙaramin asibitin ƙauye, kwana biyar ɗin nan na nufin a rufe ɗakin haihuwa ko a bar shi a hannun wanda ba aikinsa ba ne, shi ya sa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma kan yi ta jan ƙafa kafin ya sake ta. Mafita ita ce a yi bitar a shekarar farko ko ta biyu, a nemi izini a rubuce tun ana tsara jadawalin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ta bari sai saura wata ɗaya lasisi ya mutu, za ta iya tarar da an rufe ɗaukar sunaye, bita ta gaba kuma sai bayan watanni.

Manhajar WCEA ta fi dacewa da mai aikin dare. Darussan gajeru ne, kowanne da 'yan tambayoyi a ƙarshe, kuma manhajar na tara sa'o'in da aka yi. Sai dai a buɗe ta da sunan da ke kan rajista da lambar rajista daidai, domin abin da aka rubuta shi zai fito a satifiket.

Babban raunin tsarin yana cikin abin da makin ke aunawa. Halarta yake aunawa, ba iya aiki ba. Ɗauki misalin zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa. Wadda ta gama makaranta shekara goma da suka wuce ta koyi ba da allurar oksitosin, mai tsuke mahaifa don hana zubar jini, yunit 10 a tsoka cikin minti ɗaya bayan fitowar jariri, ko misoprostol maikrogiram 600 ta baki inda babu oksitosin, sannan ta ƙiyasta jinin da ido. To, ido yana rage lissafi, musamman idan zani da katifa sun shanye rabi. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun masana daga Jami'ar Bayero ta Kano, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego, da haɗa matakan magani gaba ɗaya da zarar an gano zubar, sun rage mummunan sakamako da kusan kashi 60 cikin ɗari. Matakan su ne murza mahaifa, maganin tsuke mahaifa, maganin tsayar da jini na tranexamic acid giram 1 ta jijiya, ƙarin ruwa, duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, da kiran wanda ya fi ƙwarewa. Ba ɗaya bayan ɗaya ana jiran a ga ko ya tsaya ba. Wannan abu ne na hannu: yadda za a sa ledar kada jini ya bi ta gefe, yadda za a karanta layin mililita 500, wa zai riƙe me. Zama a ɗakin taro ana kallon majigi ba ya koyar da shi. Haka magnesium sulfate na jijjigar masu ciki: kowa zai iya haddace giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, amma duba motsin gwiwa, ƙirga numfashi da auna fitsari kafin allura ta gaba sai an gwada a gaban mai gyara wa mutum. Bitar da ta ware yini guda ga gwaji da mutum-mutumi ta cancanci kuɗinta. Wadda ta ƙare a karatun takarda da hoton rukuni, satifiket kawai aka saya. Kafin a biya, a tambayi masu shiryawa wane darasi ne za a yi kuma ko akwai aikin hannu. Ungozoma ta jira zagayen da ya shafi haihuwa idan lokaci bai ƙure mata ba.

Shi kansa shafin ba shi da wuyar bi. Ana buɗe asusu da lambar rajista, imel da lambar waya, a cike fom ɗin sabunta bayanai da ake kira PUF, a ɗora hoton fasfo da satifiket ɗin maki, a biya, a jira amincewa. Kuskuren da ya fi tsada a nan shi ne na shagon intanet. Sista ta miƙa takardu ta koma bakin aiki, mai shago ya sa imel ɗinsa da lambar sirrin da shi kaɗai ya sani don ya gama da sauri. Bayan shekara uku ya tashi daga unguwar, saƙon sake lambar sirri kuma akwatinsa yake tafiya. Ko da wani ne zai cike, imel da waya su zama na mai lasisi, ta tsaya a kansa har a gama. Hoto kuwa, a ɗauki sabo da farin bango. Ɗaukar tsohon fasfo da kyamarar waya yana fitowa da ƙyalli da inuwa. Satifiket a yi masa sikanin sosai yadda suna, kwanan wata da sa hannu za su karantu.

Sai suna, wanda a wajenmu ya fi ko'ina rikici. Rajista ta ce Aishatu Mohammed, satifiket ɗin bita ya ce Aisha Muhammad, katin ɗan ƙasa kuma ya ƙara sunan gari ko na miji. Ga jami'in da ke duba fayil, mutum uku ne. Sunan da ke kan rajistar Kansul shi ne asali, a rubuta shi harafi da harafi a takardar halartar bita. Wadda ke son komawa sunan aure, wannan buƙata ce daban da kuɗinta daban, da takardar rantsuwa ta kotu da sanarwa a jarida, kuma a gama ta kafin a taɓa sabuntawa. Haka wadda ta ƙara karatu, misali nas ta yi ungozoma ko jinyar masu taɓin hankali: sai an yi wa sabuwar shaidar rajista kafin ta shiga bayananta.

Biya ta Remita ake yi, kamar sauran kuɗaɗen gwamnatin tarayya. Shafin ne ke nuna adadin ya kuma fitar da lambar RRR mai alƙaluma 12, da ita za a biya a banki ko da kati. Kada a je Remita kai tsaye a ƙirƙiri wata lamba. Idan aka zaɓi nau'in hidimar da ba shi ba, kuɗin ya shiga asusun gwamnati amma bai haɗu da buƙatar ba, dawo da shi kuma tafiya ce mai nisa. Idan an cire kuɗi shafin bai nuna ba, a duba matsayin lambar a Remita, a adana rasit, kada a sake biya. Wanda ya bari lasisi ya mutu akwai tara a kansa, kuma duk aikin da ya yi a tsakanin ba shi da kariya idan wata matsala ta kai gaban kotun ladabtarwa ta hukumar.

Masu niyyar fita waje, Saudiyya ko Ingila, su san cewa tantance takardu hidima ce daban. A Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da sababbin sharuɗɗa, har da shekara biyu na aiki bayan samun lasisi, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, shafin tantancewar ya shafe watanni a rufe, sai a Satumba aka sake buɗe shi. Cikin sharuɗɗan na wancan lokaci akwai cewa lasisi ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya mutu. Don haka mai shirin tura takardu ya fara duba ranar da ke jikin katinsa, in ta matso ya sabunta tukuna, sannan ya karanta sanarwar da ke aiki a ranar da zai nema.